Mudun Ɗayyabu da Gayaunar Hajo

A ƙasar Karaye, mutumin da ba ya cin gyaɗa abin kallo ne. Nan ne ake yaye yaro da kunun gyaɗa, tsoho kuma in haƙoransa sun ƙare a daka masa ƙuli-ƙuli ya riƙa afawa. Amma Ɗayyabu Ilu, wanda aka fi sani da Ɗayyabu Mai Inji, ko a wurin ɗaurin aure aka miƙo masa sai ya kau da kai. Abokan wasansa suna cewa gyambon ciki ne, wasu su ce boko ce ta hau masa ka. Shi dai ba ya tanka wa kowa. Ba ciwo ba ne, ba kuma girman kai ba ne. Abin ya samo asali ne daga wata 'yar gona ta mahaifiyarsa, wadda yanzu kifi ke yawo a kanta.

An haife shi a Gidan Hammawa, ɗan ƙauyen da ya ci sunan kakansa, a bakin wani rafi can bayan Kwanyawa. Shi ne ɗan farin Hajo, ita kuwa Hajo ta riƙe kunyar ɗan fari irin ta mutanen da, wadda ba ta da rangwame. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. In ta matsu sai ta ce "wancan" ko "yaron nan", tana kallon wani wuri dabam. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, ya tashi a ɗakinta, yana ganin uwarsa a tsakar gida kamar maƙwabciya. In Hajo tana so ya ci abinci sai ta ajiye kwano a inda zai bi, ta shiga yi wa kaji faɗa kada su taɓa. Shi ma da ya yi wayo ya bi sahu, bai taɓa kama sunanta ba, bai taɓa zama tabarma ɗaya da ita ba. Kada wani ya ce babu ƙauna a tsakani. Akwai ta, har ta yi yawa, sai dai ta bakin kwano take fita.

Ubansa Ilu ya rasu Saude, ƙanwar Ɗayyabu, tana goye. Da yake ya riga tsohonsa tafiya, 'ya'yansa ba su da rabo a gandu. Haka hukuncin gado yake, ba wanda ya zalunce su. Da Hajo ta fita takaba ta ce ita da aure sai a lahira, sai tsoho Hammawa ya yanka mata gayauna, wato 'yar gonar kanta, a gefen gandu, ya ce ta riƙe marayu da ita. Bayan ransa gandu ya koma hannun Baffa Sulle, ƙanin Ilu, shi ma bai taɓa mata ita ba. Wurin fako ne lokacin da aka ba ta, ko ƙaya ba ya fitarwa da daɗin rai. Hajo ta yi ta jidar takin awaki a ƙwarya, rani bayan rani, har ƙasar ta yi baƙi ta yi laushi. Ta kewaye ta da lalle, ta dasa zogale, ta sa kuɓewa da yakuwa a gefe, tsakiya kuma gyaɗa. Gyaɗarta ja ce, ƙanana, mai yawan mai. Kowace kaka sai ta tsince mafi kyau ta zuba a gora, ta toshe da tsumma, ta rataye a ɗaki, ko yunwa za ta kashe gidan ba a taɓa wannan gorar sai ranar shuka. A gidan ba wanda yake ce wa wurin gayauna. "Gonar Inna" ake cewa, haka Ɗayyabu ya tashi yana ji, bai kuma taɓa tambayar yadda aka yi ta zama tata ba.

Shi ba manomi ba ne, wannan kowa ya shaida. Tun yana ƙarami aka kai shi firamare a Karaye, daga nan makarantar kwana. Duk ƙarshen hutu, in zai koma, zai tarar da ƙulli a kan akwatinsa: soyayyiyar gyaɗa da ƙuli-ƙuli, wani lokaci da 'yar kwalbar mai. Ba a cewa ga wanda ya ajiye, shi ma ba ya godiya sai ga Saude. Da ya gama ya koyi tafireta, ya samu aiki a sito na wani kamfani a Kano, a nan ya fara ganin kwamfuta a ƙarshen shekarun tamanin. Ya kamu da son ta nan take, don halinsu ɗaya. Ɗayyabu mutum ne da in ya ga tabarma a karkace ba ya iya tayar da salla sai ya gyara ta. Takalmansa a jere suke kwana. Ya tsani "kusan haka ne", ya tsani "ai duk ɗaya ne". Ya shiga ajin yamma, ya ƙware, har ya zama in inji ya yi gardama shi ake kira.

A farkon shekarun casa'in aka ce za a tare rafin nan nasu a yi madatsar ruwa, ƙauyuka da dama za su tashi, har da Gidan Hammawa. Aka ware sabon matsuguni a kan hanyar Rogo. Ƙa'idar rabon fili ba ta da wuya: duk wanda sunansa ya fito a matsayin mai riƙe da gona za a ba shi tasa, amma akwai iyaka, ba wanda zai wuce wani awo komai faɗin gonarsa ta da. Wato in sunan Hajo ya fito da kansa, tana da fili. In bai fito ba, ba ta da ko taki ɗaya, don Baffa Sulle da ma gandunsa ya haura iyakar.

Wani kamfani aka bai wa aikin awo da tattara sunaye. Suka kama hayar gida a Karaye, suka kawo kwamfuta da janareto, suka nemi ɗan ƙasa da ya iya. Ɗayyabu ya dawo gida da farar riga da biro biyu a aljihu. Ranar kasuwa Saude ta zo ofishin da ƙulli a hannu, suka gaisa, ta tambayi iyali, ya tambayi maigidanta da yara.

Ta ce, "Yaya, Inna ce ta ce a tambaya. Masu awo sun zo sun zagaya gonarta, sun rubuta. Wai shi ke nan, ko akwai inda za ta je?"

Ya ce, "A gaya mata ta kwantar da hankalinta. Ina nan. Ba gonar da za ta ɓata a hannuna, balle tata."

Da gaske yake, har cikin ransa. Don ma kada a ce ya yi son kai, ya rantse ba zai taɓa takardun ƙauyensu da hannunsa ba, sai ya miƙa su ga Ɗanmaliki, magidancin da aka ɗauka don buga bayanai.

To, ga inda gizo yake saƙa. A cikin inji ana zuba bayani ne a tebur-tebur, kowane tebur da gurabansa: gurbin suna, gurbin ƙauye, gurbin faɗin gona, gurbin yadda mutum ya mallake ta. Kowane gurbi sai an gaya wa inji irin abin da zai karɓa, hanya kuwa biyu ce. Ko dai ka ce masa gurbin nan na rubutu ne kawai, ka bar shi sake, duk abin da aka buga ya haɗiye. Ko kuma ka ƙera naka ma'aunin, ka raɗa masa suna, ka gindaya masa sharuɗɗa, sannan duk teburin da yake da irin wannan gurbi ya ara daga gare shi. Masu sana'ar suna ce wa wannan na biyun domen. Ɗayyabu kuwa mudu yake ce masa, don a cewarsa kasuwar da kowa ya zo da nasa kwanon awo ba kasuwa ba ce, filin dambe ne.

Babban abokin aikinsa Malam Ƙasimu ne, dattijon jami'i da ya yi kwas a Zariya, ya kuma daɗe yana yawon ƙidaya a ƙauyuka. Shi ɗan gurbin sake ne.

Ya ce, "Malam Ɗayyabu, bar wa mutane bakinsu. Abin da suka faɗa a buga, daga baya ma tace. Kai ba ka san abin da baƙauye zai zo maka da shi ba."

Kada a ɗauka hangen nesa ne zalla. Rabin maganar hikima ce, rabin kuma Malam Ƙasimu ba ya son duk abin da zai hana shi tashi da azahar. Da yake shi ne babba, aka fara gwada tasa hanyar da takardun ƙauye biyu. Abin da ya fito ko kare ba zai ci ba. A gurbin mallaka wani ya ce "gado", wani "na ubana", wani "tun kakanni", wani "Allah ne ya ba ni". A gurbin faɗi wani mai awo ya rubuta eka, wani kadada, wani ya rubuta "babba ce ƙwarai". Da aka ce inji ya ware masu gado, sai ya kawo rabinsu ya bar rabi. Wani mutum ɗaya ya fito sau uku, kowanne da gonarsa. Injiniyan da ke shugabantar aikin ya duba, ya cire tabarau, ya tambaya ko akwai mai wata dabara.

Ɗayyabu ya miƙe. Ya yi bayanin mudunsa tiryan-tiryan: ma'auni ɗaya na faɗi, lamba kawai, a eka kawai. Ma'auni ɗaya na mallaka, kalmomi ƙididdigaggu, in aka buga wata inji ya ƙi. Teburin gonaki, teburin mutane, teburin sabon fili, duk su sha daga rijiya ɗaya. In kuma wata rana aka so gyara, wuri ɗaya za a taɓa, ko'ina ya gyaru. Gaskiya ya faɗa, ba wanda ya iya ja da shi. Malam Ƙasimu ya ce to, Allah ya sa a dace, ya koma kan jaridarsa.

Bai yi aikin da ka ba, a yi masa adalci. Ya hau babur ya zaga Kwanyawa da Tudun Kaya, ya zauna da masu unguwanni da dattawa a ƙofar gida, ya tambaye su ta wace hanya mutum yake riƙe gona a ƙasar nan. Suka ce gado, saye, aro, jingina. Ya sake tambaya ko akwai saura, suka dubi juna suka ce babu. Ba ƙarya suka yi ba. Duk wanda ya tambaya maigida ne, a wurin maigida kuwa abin da ya yanka wa bazawara ko ƙaramin ɗa nasa ne, alheri ne ya yi. Ba wanda ya ce masa ya leƙa cikin gida, shi ma bai kawo a ransa ba. Ya dawo ya ƙera mudunsa da kalmomi huɗu, ya kulle.

Aiki ya miƙe kamar an zare ƙaya. Inji ya daina haɗiye shirme, in aka buga abin da bai sani ba sai ya yi tsuwa ya tsaya. Wata rana da hantsi, Ɗayyabu yana fama da wani teburi da ya rikice, sai Ɗanmaliki ya juyo.

"Malam, ga wata kalma inji ya ƙi. Wai gayauna. Na ga tana ɗan maimaituwa."

Ɗayyabu ko ɗaga kai bai yi ba. Ya ce, "Gayauna ai ba mallaka ba ce, cikin gandu take. Haɗa faɗinta da na maigidan, ka wuce."

"Sunan mai ita fa?"

"Ba gurbinsa. Maigida ya wadatar."

Malam Ƙasimu yana zaune a ɗakin, ya ji, ya juya shafin jarida. Ɗanmaliki ya yi yadda aka ce. Takardar da ke hannunsa a lokacin ba ta Hajo ba ce, tata tana can ƙasa a cikin kwalin, amma da layi ya zo kanta haka aka yi mata. Faɗin gonarta ya shige cikin gandun Baffa Sulle, sunanta ya tsaya a kan takarda bai shiga inji ba. Ɗayyabu ya tashi aiki ranar da farin ciki, don teburin da ya rikice ya warware.

Aka gama, aka kai sakamako Kano, aka sa hannu. Injiniya ya yaba masa a gaban kowa, ya ce bai taɓa ganin bayanai masu tsafta irin waɗannan ba. Bayan kaka mutane suka kwashe amfanin gona suka tashi. Katafila ta bi bayansu ta share bishiyoyi da shinge, har da lallen Hajo da zogalenta. A sabon wuri aka yi ta gini duk rani, sai gab da damina aka tara jama'a aka riƙa kiran suna ana nuna wa kowa filinsa. Hajo ta je da lulluɓinta ta tsaya a bayan mata. Aka kira, aka kira, aka naɗe takarda. Ta juya ta koma gida. Saude ta ce za ta tafi Karaye a ranar, Hajo ta hana ta.

Ta ce, "Kada a je a kunyata shi a wurin aikinsa. In akwai, zai zo."

Ya zo kuwa, bayan ruwan shuka ya sauka, da rabin buhun takin zamani ɗaure a bayan babur, tsarabar sabuwar gona. Duk hanya mutane sun duƙa suna shuka, maza suna sara, yara suna binnewa. Ya shiga gida da sallama. Gidan shiru, kowa yana gona, sai Hajo kaɗai a ƙofar ɗakinta tana kaɗin zare, fartanyarta a jingine da bango ko ƙasa babu a bakinta. Ta amsa sallamar tana kallon zaren. Ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta, ta amsa a taƙaice kamar kullum, ta tashi ta shige ɗaki. Ya tsaya da buhu a hannu yana kallon fartanyar, don bai taɓa ganin Inna a gida ranar shuka ba.

Ya samu Baffa Sulle a sabon filinsa, jan burji mai tsakuwa. Suka gaisa, suka yi barka da ruwa.

"Baffa, ina aka ba Inna?"

Baffa Sulle ya dogara da sungumi, ya daɗe yana kallonsa. "Au, ba ka sani ba? Mu nan muna cewa kai ka san dalili. Ba a kira ta ba, ɗana."

"An auna gonarta. Saude ta gaya mini an rubuta."

"An rubuta mana, ina tsaye. Mai awo ya tambaye ta yadda ta same ta, ta gaya masa gaskiya, ta ce gayauna ce surukinta ya ba ta. Ya rubuta gayauna."

Ɗayyabu ya tuna tambayar Ɗanmaliki. Muryarsa ta ranar nan ta dawo masa a kunne, har da yadda bai ɗaga kai ba.

Baffa Sulle ya ci gaba, muryarsa a ƙasa. "Wallahi ba ƙeta ba ce. Dubi abin da aka ba ni, bai kai rabin na da ba, ga 'ya'ya maza huɗu da iyalansu. Na ce ta zo mu ci tare, tuwo ba zai gagara ba. Amma ka san ta. Ba ita kaɗai ba ce kuma. Lauratu matar marigayi Uba, da Tani, da samarin da iyayensu suka yanka musu, duk haka."

Bai koma cikin gidan ba. Ya bar buhun takin a zaure ya hau babur.

A ofis an fara haɗa kaya, don kwangila ta ƙare. Ya sa aka tayar da janareto, ya yaye ƙyallen da ake rufe inji, ya buɗe mudunsa. Kalmomi huɗu suna nan a jere, tsaf, yadda ya bar su. Ya ƙara ta biyar. Ko shan ruwa ya fi wannan ɗaukar lokaci. Nan take duk teburan suka karɓa, kamar yadda ya yi alkawari a gaban Injiniya: wuri ɗaya za a taɓa, ko'ina ya gyaru. Ya tona kwali ya zaro takardar ƙauyensu. A ranar ya fara rubuta sunan mahaifiyarsa da hannunsa, harafi bayan harafi. Ya buga gayauna a gurbin mallaka. Inji bai yi tsuwa ba, ya karɓa lami lafiya.

Malam Ƙasimu ya zo ya tsaya a bayansa. Ɗayyabu ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Malam, da na bar shi sake kamar yadda ka ce."

Dattijon ya yi ajiyar zuciya. "Kada ka ba ni girman da ba nawa ba. Ina zaune a nan ka ba da umarnin, ban ce komai ba. Da an bar shi sake, kalmar za ta shiga, sunayen ma za su shiga. Ranar tacewa ƙila mu ga yawansu mu tsaya, ƙila kuma in haɗa su da gandu don in tashi da wuri. Ban sani ba. Allah ne masani."

Wannan "ƙila" ita ta fi ci wa Ɗayyabu rai, don ba ta wanke shi ba, ba ta kuma kashe shi ya huta ba. Ya kwashe takardun gayauna duka, suka cika kwali guda, ya kai wa Injiniya. Mutumin ya saurare shi da kyau, ya nuna damuwa, sannan ya ce bakin alƙalami ya bushe: an raba fili kaf, an sa hannu, iyakokin da kuma katafila ta share su, ruwa yana hawa. Ɗayyabu ya bi ofisoshi a Kano har takalminsa ya cinye. Ko'ina sai a ce ai bayanan da aka kawo musu ba su da aibu ko ɗaya, a tambaye shi wa ya tsara su. Kwamfutar kuwa aka sa ta a mota aka tafi da ita, da sunan Hajo a ciki daidai wa daida, a inda ba zai amfani kowa ba.

Shuka ta fara tsiro lokacin da ya koma. Ya nemo wani mutumin Falgore da ya yarda ya ba da aron gefen gonarsa, ya zo da wannan albishir a bakinsa kamar mai riƙe da garwashi. Bayan la'asar ce. Saude ta zo daga gidanta, ta zauna a tsakani. Hajo tana bakin murhu ta ba su baya, tana juya wani abu a kasko da yashi. Ya durƙusa a inda ya saba, ya gaya wa Saude maganar aron, da ƙarfi yadda za a ji.

Hajo ta ce, "Saude, ce masa an gode. Mai aro ba ya dasa itace. Ni kuma ba ni da sauran wuyan da zai yi wa gonar wani jidar taki. In an samo mini, Lauratu fa? Tani fa?"

Ta ci gaba da juya kasko.

Can ta ce, "Tambaye shi. An ce wani akwati ne ya ƙi karɓar sunana, wai bai san gayauna ba. Shi akwatin, wa ya koya masa magana?"

Saude ta sunkuyar da kai, ba ta maimaita ba. Ɗayyabu zai iya cewa kamfani ne, zai iya cewa daga Kano aka aiko da tsarin, ba mai ƙaryata shi a gidan nan. Ya ɗaga kai ya dubi bayanta.

Ya ce, "Ni ne, Inna."

Hannunta ya tsaya. Ya jira faɗa, ya jira kuka, har addu'a yake a ransa ta juyo ta zage shi ko da sau ɗaya, ta kama sunansa ta la'ance shi. Ba ta juyo ba.

Ta ce, "To, ashe akwatin ba shi da laifi. Abin da ba a koya wa yaro ba, ina zai san shi? Ni ma nawa ban taɓa kama hannunsa na kai shi ya ga wurin ba. Kunya ta hana ni. Saude, ce masa kada ya sa abin a ransa."

Da duka ta yi masa da itacen murhu da ya fi masa sauƙi. Hawaye suka zubo masa, ya bar su, don ba mai kallonsa. Hajo ta sauke kasko, ta tankaɗe yashin, ta shiga ɗaki da abin da ta soya. Ba ta sake fitowa ba. Ya zauna har rana ta yi sanyi, sannan ya yi sallama ga labulen ƙofa, aka amsa daga ciki.

A zaure buhun takin yana nan inda ya bar shi, ba a kwance bakinsa ba. A kan sirdin babur kuwa ga ƙulli, kamar na kowace komawa makaranta, da ɗuminsa. Ya ɗauka ya ji ya fi na kullum nauyi. Saude ta biyo shi rakiya, idanunta sun yi ja, a hannunta kuma ga gorar nan ta ɗakin Inna, ba tsumma a bakinta. Ta kifa ta a ƙasa, ba abin da ya faɗo.

Ya kwance ƙullin. Ja ce, ƙanana, kowace ƙwaya zaɓaɓɓiya, an soya ta sarai ba wadda ta ƙone.

Ya ce, "Saude, wannan ai irin ne."

Ta ce, "Shi ne, Yaya. Ta ce kada ya lalace a rataye. Ta ce a ba wancan ya ci a hanya."